Funafuti: Tsibirin Da Ke Dogara Ga Ruwan Sama

Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Funafuti ɗan ƙaramin tsibiri ne a tsakiyar Tekun Pasifik. Nan ne babban birnin ƙasar Tubalu, wadda ta sami 'yancin kai daga Ingila a 1978. Mutanensa sun haura dubu 6.

Suna kamun kifi, suna kuma noman kwakwa. Asibitin ƙasar guda ɗaya ne, kuma a nan yake. Akwai makarantun firamare da filin jirgin sama. Da yamma, in babu jirgi, samari sukan buga ƙwallo a filin.

Babbar matsalarsu ita ce ruwan sha. Ba kogi, ba rafi. Ruwan teku gishiri ne, na rijiya ma haka. Saboda haka gidaje sukan tari ruwan sama daga rufin kwano zuwa cikin tanki.

A 2011 aka yi fari, tankuna suka ƙafe. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, aka riƙa raba ruwa da awo. Ƙasashen Ostareliya da Niyu Zilan suka kai injinan cire gishiri daga ruwan teku. Shi ya sa a Funafuti ba a wasa da ruwa ko ɗigo ɗaya.