Yatsa a Gabas, Baki a Yamma

Ranar da ƙanwata ta kawo mini takardar sakamakon Abba, ko zama ba ta yi ba. Daga bakin ƙofa ta miƙo mini ta ce, "Yaya, duba mini wannan, ni kaina ya ɗaure." Yaro ɗan shekara goma, aji huɗu na firamare, ya zo na 41 cikin yara 43. A ƙasa malamar ajin ta rubuta da jan biro cewa wasa ya yi masa yawa, kuma ba ya zama wuri ɗaya.

Ni ma kaina ya ɗaure. Wannan Abban, wanda sunan mahaifinmu ya ci shi ya sa ba ma kiran sunansa na yanka, shi ke tsare wa ubansa shago ranar Asabar. Ka sayi sukari rabin kwano, sabulu biyu da ashana, kafin ka gama laluben aljihu ya faɗa maka kuɗinka da canjinka. A Islamiyya ya haddace izu biyar. Ka ba shi labari yau, gobe ya maimaita maka har da inda ka yi tari. Amma ka buɗe masa littafin 'yan aji biyu, nan take zufa ta karyo, hamma ta zo, fitsari ya matse shi.

Uban ya riga ya yanke hukunci: lalaci ne da taurin kai. An gwada dorina wata uku, abin da ta haifar kawai shi ne ciwon ciki kowace safiyar Litinin. Kakarsa ta wajen uba ta ce baki ne, yaro mai kaifin kai haka ai dole a sa masa ido. Aka yi rubutu ya sha. Ban hana ba, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, amma na ce a haɗa da asibiti. Likitan ido ya tsayar da shi gaban allon nan mai harafi ɗaya da ke juya ƙafafunsa sama da ƙasa, Abba ya karanto har layin ƙarshe. Kunne ma garau.

Saura maganar malama ta rashin zama wuri ɗaya. Wani abokina malamin jinya ya ce a bincika ko ADHD ce, larurar da ke hana yaro tattara hankali, ta sa shi mutsu-mutsu da yin abu kafin tunani. Ba sabuwar cuta ba ce; tun 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya yi bayanin irin waɗannan yara. Muka samu likitar ƙwaƙwalwar yara a wani asibitin koyarwa. Na yi gaggawar gaya mata cewa Abba yakan yi awa biyu yana kwance tocila yana ɗaurawa, ta ce wannan ba hujja ba ce, mai ADHD ma yakan nutse cikin abin da yake so har ya manta da abinci. Abin da take nema shi ne ko alamun sun fara kafin shekara goma sha biyu, kuma ko suna bin yaron wuri fiye da ɗaya. Ta ba mu takardun tambayoyi uku: ta uwa, ta malamar boko, ta malamin Islamiyya. Yana zubar da takalmi da fensir? Yana katse mutane? Yana kasa jiran layi?

Takardar malamar boko ta dawo cike da e. Ta uwar, a'a. Ta malamin Islamiyya ni na kai, na zauna a kan tabarmarsa ina karanta masa yana amsawa. Ya ce duk ajin babu mai natsuwar Abba. Har na miƙe ya ce, "Malam, tsaya. Akwai wani abu da na daɗe ina gani." Ya kira yaron ya ce ya biya allonsa. Abba ya biya tiryan-tiryan, babu gyara ko ɗaya. Malam ya ce mini a hankali, "Kar ka saurari bakin, dubi yatsan." Bakin ya kai ƙarshen aya, yatsan yana can layi biyu baya, yana yawo yadda ya ga dama. Da kunne yaron ya ɗauki izu biyar ɗin nan, daga bakin malam da na 'yan ajinsu. Ashe ba boko kaɗai ba, Larabcin ma bai taɓa karanta shi ba.

Likita ta cire ADHD daga lissafi. Mutsu-mutsun a ajin karatu kaɗai yake tasowa, gudun abin kunya ne. Ta ƙara da cewa yara da yawa suna ɗauke da larurorin biyu a tare, kuma ko da yana da ita, magani irin Ritalin hankali yake tattarawa, ba ya koya wa kowa karatu. Sannan ta ambaci wata kalma, disleksiya.

Na koma gida na shiga bincike, sai na ci karo da Abba a Ingila, shekara ɗari da ɗoriya baya. A 1896 wani likita a garin Seaford, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara sha huɗu mai suna Percy: mai wayo, gwanin wasa, yana karanta lambobi ba gargada, amma sunansa ma sai ya juya haruffan. Malaminsa ya ce da a ce da baki ake koyar da komai, da babu wanda zai kamo shi a makarantar. Likitocin zamanin sun kira abin makantar kalma, kuma likitocin ido ne suka fi bin sawunsa. Wanda ya raɗa masa suna disleksiya a 1887, Rudolf Berlin na Jamus, shi ma likitan ido ne. A 1925 Samuel Orton na Amurka ya lura irin yaran nan suna musanya b da d, ya ɗauka haruffan ne ke murɗe musu kamar a madubi.

Na ce to, ga shi nan. Littafin Abba cike yake da wannan musanya, kuma mu namu ya fi na Bature wuya, don bayan b da d ga ɓ da ɗ, 'yan'uwa huɗu masu kama ɗaya. Na rubuta masa layi guda na ce ya kwafa. Ya kwafe tsaf, kowace ƙugiya a inda take, har ya fi ni kyan hannu. Na nuna ɗ na ce wane ne wannan, ya yi shiru. Idon yana ganin harafin daidai, hannun yana zana shi daidai. Daga baya na ga Frank Vellutino ya yi irin wannan gwaji a Amurka a shekarun 1970: ya ba yara haruffan Ibrananci da ba su taɓa gani ba, masu fama da karatu suka kwafe su kamar kowa. Na dawo inda na fara, ba ido, ba kunne, ba wauta, ba ADHD.

Amsar a tsakar gidanmu take, kuma 'yan mata ne suka tono ta. Ranar yawon Sallah yara sun cika gida, 'ya'yana mata suna gulma da zaurance, irin wanda ake cusa d bayan kowace gaɓa: "Zada kidi jede?" Har 'yar autata mai shekara bakwai tana zuba shi kamar ruwa. Abba yana gefe, fuska a murtuke. Ɗaya ta tsokane shi, "Abba ba ya jin zaurance, shekara biyu muna koya masa!" Ya ɗauki takalminsa ya fice zaure.

Na ajiye naman da ke hannuna. Zaurance ba ya buƙatar ido ko takarda. Abin da yake buƙata shi ne ka ɗauki kalma a kanka, ka yanka ta, ka zare wasalin kowace gaɓa ka liƙa wa d. Na bi shi zaure na ce, "Abba, ce kifi." Ya ce kifi. "To cire k ɗin farko, me ya rage?" Ya dube ni ya ce, "Kawu, kifi ai kifi ne." Na tambaye shi da me biri da baki suka fara, ya yi tunani ya ce, "Da cizo?"

A wurinsa kalma dunƙulalliya ce kamar ƙwai, ba a ganin inda aka ɗinke ta. Rubutu kuwa, na boko ko na ajami, an gina shi ne a kan cewa kalma tana warwarewa zuwa ƙananan sautuka, kowane da alamarsa. Isabelle Liberman da abokan aikinta sun nuna haka a 1974, suka ba yara sanda su ƙwanƙwasa tebur sau ɗaya ga kowane sauti. Cikin 'yan shekara huɗu kusan rabi sun iya ƙirga gaɓoɓi, amma babu ko ɗaya da ya iya ƙirga ƙwayoyin sauti. Yawancin yara wannan kunnen yana buɗe musu da sun fara karatu. Wasu sai an buɗe musu da hannu. Wata ƙwararriya a ilimin masu buƙata ta musamman ta yi wa Abba gwaji na awa biyu, ta tabbatar disleksiya ce.

Hanyar gyara tsohuwa ce, tun shekarun 1930 Anna Gillingham ta tsara ta a kan aikin Orton: sauti ɗaya a lokaci ɗaya, yaro ya ji, ya faɗa, ya gani, ya zana, ba a wucewa sai ya zauna. Ƙwararriyar ta koya wa uwar, don kuɗin zuwa kullum ya fi ƙarfinmu. Kayan aikin ba su wuce faranti cike da yashi da murafun kwalbar lemo ba. Minti ashirin bayan la'asar, ta ce "kifi", shi kuma ya tura murfi ɗaya ga kowane sauti, huɗu ke nan, sannan ya zana haruffan a yashi yana furtawa. Da Hausa aka fara, kuma a nan mun ci sa'a, domin rubutunmu bai cika yaudara ba kamar na Turanci, inda harafi ɗaya ke da muryoyi uku. Darussan kimiyya da zamantakewa kuwa ba a jira karatu ya nuna ba: littattafan Turanci waya ke karanta masa da murya, na Hausa ni nake karantawa in tura masa ta WhatsApp.

Makaranta ce ta ba mu wahala. A Amurka tun 1975 doka ta wajabta a rubuta wa irin wannan yaro tsarin karatu nasa na kansa. A Ingila ƙarin kashi 25 cikin ɗari na lokacin jarrabawa abu ne sananne. Mu ma muna da dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, amma shugabar makarantar ta ce yaron da ke da hannu da ƙafa ina nakasa. Sau uku ina komawa. Abin da ta yarda da shi a ƙarshe kaɗan ne: a daina tayar da shi karatu a gaban aji, kuma a karanta masa tambayoyin lissafi da baki. A zangon nan ya zo na uku a lissafi. Uban bai ce komai ba, amma dorinar ta bar ƙusar da take rataye.

Wata takwas ke nan da fara wannan aikin. Har yanzu yana karatu kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu, kuma ɓ da ɗ suna yi masa gardama in ya gaji. Makon jiya na je gidansu na tarar da shi a ƙofa. Ya rufe ido, leɓɓansa suna motsi, yatsu suna ƙirga wani abu a cinyarsa. Sai da ya ɗauki lokaci sannan ya buɗe ido ya ce, "Kadawudu, badanidi kuduɗidi."

Na laluba aljihu na ba shi naira ɗari biyu.