Fasto da Likita: Yadda Shawara Mai Tsari Ke Haɗa Addu'a da Magani

A ƙauyukan masarautar Kazaure, daga 'Yankwashi zuwa Roni da Gwiwa, Bahaushe Kirista da damuwa ta yi wa katutu yakan fara zuwa wurin fasto kafin ya tuna da likita. To, me faston zai yi bayan addu'a?

Shawara mai tsari ta bambanta da wa'azi. Ana tsayar da lokacin zama, a riƙe sirri, faston ya fi sauraro a kan magana. Shirin warkar da raunin zuciya na ƙungiyoyin Littafi Mai Tsarki yana amfani da makokin cikin Zabura, domin mai baƙin ciki ya amayar da abin da ke cinsa ba tare da an kira shi mai raunin bangaskiya ba, zargin da ke sa mutane da yawa yin gum.

Amma faston yana da iyaka. Wanda ke jin muryoyi, ko ya daɗe ba barci, ko yake zancen kashe kansa, asibitin masu taɓin hankali na Kazaure ya dace a kai shi, a ci gaba da addu'a yana shan magani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta hana ɗaure irin wannan majiyyaci da mari.