Rabon gado a Katsina: zaure ko gaban alƙali

Magidanta da yawa a birnin Katsina kan rasu ba su bar wasiyya a rubuce ba, amma hakan bai bar iyalansu cikin duhu ba. Aya ta 11 da ta 12 da ta 176 a Suratun Nisa'i sun riga sun yanka wa kowa rabonsa. Idan mamaci ya bar 'ya'ya, matansa na da tumuni, mahaifiyarsa sudusi, ɗa namiji kuma rabon mata biyu. Ko an bar wasiyya ma, ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa mai gado. Abin da ya rage wa iyali su zaɓa shi ne wurin rabon: zauren gida ko kotun shari'a.

A zaure, galibi bayan sadakar arba'in, akan kira malamin da ya san ilimin gado, da baffanni, da mai unguwa, dillali kuma ya yi wa gida da gona kuɗi. A cire kuɗin jana'iza, a biya bashi, sannan a raba. Akwai sauri, akwai rufin asiri. Baffa ya san bashin da marigayi ya ci a Babbar Kasuwa ba tare da rubutu ba, ya san shanun da aka ba wa wani kiwo a Batagarawa. Alƙali kuwa sai abin da aka kawo gabansa.

Sai dai zaure wurin maza ne, kuma kunya na da ƙarfi a cikinsa. Matar da ke takaba ta wata huɗu da kwana goma tana ɗaki, sai abin da aka shigo aka faɗa mata. 'Yar da ke aure a Ƙofar Marusa, in babban yaya ya ce, "A bar gidan Baba kada a taɓa shi," da wuya ta ce, "Yaya, a ba ni nawa." Haka gida zai zauna shekaru ba a raba ba, wasu magadan su rasu, rabonsu ya koma kan 'ya'yansu, lissafi ya cuɗe, jikoki su gaji rigimar da iyayensu suka ji nauyin tayarwa. Wannan ne ya fi damuna, domin ba mugunta ke jawo shi ba, kara ce.

Alƙali da malamin zaure littafi ɗaya suke dubawa, Risala da Muhtasar na mazhabar Malikiyya, don haka kason ba ya canzawa. Kotu na da ɗage zama, da kuɗin da ake biya, da surutun unguwa cewa wane ya kai 'yan'uwansa ƙara. Amma tana kiran kowane magaji da sunansa, tana damƙa rabon marayu ga wanda za a iya tuhuma, tana kuma ba da takarda. Wanda bai gamsu ba yana da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin shari'o'in gado. Banki da kamfanin fansho ma takardar kotu suke nema kafin su saki kuɗin mamaci.

A ganina, inda magada duk baligai ne, dukiyar kuma kayan ɗaki ce da 'yan dabbobi, zaure ya isa. Inda akwai marayu ƙanana, ko mata fiye da ɗaya, ko gida da fili, a tattara lissafin a zaure, sannan baffa da kansa ya ja iyalin zuwa gaban alƙali a rubuta, tun kafin wata ƙanwa ta kai ga shigar da ƙara.