Ambulan 400 da suka je duniyar wata suka dawo da rigima

A watan Yulin 1969, kafin kumbon Apollo 11 ya tashi, Neil Armstrong da Buzz Aldrin da Michael Collins sun zauna a killace suna sa hannu a kan ɗaruruwan ambulan. Inshorar ran mutumin da zai je duniyar wata ta fi ƙarfin albashin gwamnati, saboda haka suka bar ambulan ɗin aka buga musu hatimin gidan waya ranar tashi ko ranar sauka, domin idan ta Allah ta kasance iyalansu su sayar su rufa wa kansu asiri. Sun dawo lafiya, takardun kuma suka zama abin da masu tara kayan tarihi ke rububinsa a kasuwar gwanjo.

Shekara biyu bayan nan lamarin ya ɗauki wani salo. David Scott da Alfred Worden da James Irwin, hafsoshin sojin sama da ke cikin Apollo 15, sun tafi da ambulan kusan 400 ba tare da izinin hukumar NASA ba, suka kuma sa musu hannu. An shirya cewa guda 100 za su je hannun wani dillalin kan sarki na Jamus ta Yamma, Hermann Sieger, kowanensu kuma a ba shi dala 7,000. Sieger bai yi wata-wata ba, ya sayar da su a kan dala kusan 1,500 kowane ɗaya. Mutanen uku sun mayar da kuɗin, amma aikin gama ya gama. A 1972 aka ba su takardar gargaɗi, suka bayyana gaban kwamitin Majalisar Dattawan Amurka, kuma babu wanda ya sake zuwa sararin samaniya a cikinsu. Sauran ambulan ɗin sun zauna a hannun gwamnati har 1983, lokacin da aka mayar musu bayan Worden ya shigar da ƙara.

Duk wanda ya taɓa cike takardar miƙa ragamar ofis ya san tambayar da ke ƙarƙashin wannan: abin da ma'aikaci ya samu a bakin aiki, nasa ne ko na hukuma? Amurka ta daɗe ba ta amsa ba. A 2011 aka yi gwanjon kundin da Jim Lovell ya yi lissafi a ciki da hannunsa a Apollo 13, ya kai dala 388,375, sai NASA ta ce a dakata, ba ta gamsu cewa nasa ba ne. A watan Satumban 2012 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta mallaka wa 'yan sama jannatin Mercury da Gemini da Apollo irin waɗannan kayan. Duwatsun wata dai ba sa ciki.

Mai saye kuma yana da nasa ciwon kan. NASA ta riƙa amfani da na'urar da ke kwafa sa hannu wajen amsa wasiƙun jama'a, don haka hoto na iya fitowa daga hukumar kai tsaye alhali mai hoton bai taɓa riƙe shi ba. Masana kan gane aikin na'urar ne idan sa hannu biyu suka zo iri ɗaya sak. Armstrong kuwa ya daina sa wa jama'a hannu tun 1994, da ya ga ana cinikinsa ana kuma ƙirƙiro jabu. Ya rasu a watan Agustan 2012.