Ajalin da Ke Rubuce a Cikin Jiki

Duk wanda ya leƙa kududdufan fadamar Ambursa da damina ya san talibambam. Ina wutsiyarsa ke zuwa in ya zama kwaɗo? Ƙwayoyin halittarta ne ke kashe kansu bisa tsari, jiki ya shanye su. Haka yatsunmu suka rabu tun muna ciki, da fatar tsakaninsu ta mutu. Ta agwagwa ce ta tsira.

Umarnin wannan mutuwa yana cikin ƙwayoyin gado, waɗanda ke jere a kan kuromosom 46 kamar gidaje a unguwanni. Masana sun daɗe suna bin sawun gidan kowace.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce BCL2, mai zama a kuromosom na 18, domin aikinta hana mutuwa. A 1984, Yoshihide Tsujimoto da Carlo Croce sun gano cewa a wata sankarar kaluluwa takan yi ƙaura zuwa kuromosom na 14, inda take aiki ba dare ba rana. A 1988 David Vaux, Suzanne Cory da Jerry Adams a Ostareliya suka nuna illar hakan: ƙwayar da lokacinta ya yi sai ta ƙi tafiya. Ashe ƙin mutuwa ma yana kawo sankara, ba yawan hayayyafa kaɗai ba. A 2016 Amurka ta amince da venetoclax, maganin da ke ɗaure wa BCL2 hannu.

TP53 kuwa tana kuromosom na 17, ita ke yanke wa lalatacciyar ƙwaya hukunci. A kusan rabin cututtukan sankara akan tarar ta samu tawaya. Mutum na da ita guda, giwa na da kusan 20, ta daji fa, ba giwan ruwan Argungu ba.

Ga wani misalin mutuwa bisa tsari: wata 'yar tsutsa tana yin ƙwayoyi 1,090 yayin girma, 131 daidai su mutu. Ita ta kai masana uku ga kyautar Nobel a 2002.

Najeriya ma tana cikin labarin. Sankarar Burkitt, mai kumbura muƙamuƙin yara a yankunan zazzaɓin cizon sauro, galibi tana tasowa ne idan ƙwayar gado mai suna MYC ta bar kuromosom na 8 zuwa na 14. A 1963, Robert Pulvertaft ya raya ƙwayoyinta daga wani yaro ɗan shekara 11 a Ibadan. Zuriyarsu na nan tana hayayyafa a ɗakunan bincike na duniya, ana gwada sababbin magunguna a kanta.