Mu Tsabtace Kafiretar Babur

A Afala, sau da yawa babur ne ke kai mara lafiya asibitin Tawa. Idan ya mutu a hanya, rai na cikin haɗari.

Kafireta ce ke haɗa mai da iska. Ƙurar hunturu da dattin man kwalba kan toshe ta, sai babur ya ƙi tashi.

Ga abin yi:
1. Mu kashe inji ya huce, mu rufe mai.
2. Mu kwance kofin ƙasanta, mu zubar da datti.
3. Mu wanke da mai mai tsabta.
4. Mu hura ƙananan ramukan da famfon taya. Kada mu sa waya, tana ɓata su.
5. Mu mayar da kome wurinsa.

Mu nisanci wuta da sigari. Kullum mu tace mai da ƙyalle mai tsabta.