Bin Sawun Sauye-Sauyen Saiti a Na'urorin Sadarwa

Na'urar da ke rarraba saƙonni tsakanin kwamfutoci tana aiki ne bisa rubutattun umarce-umarce, wato saiti. Da zarar an taɓa layi guda, aikinta ya sauya. Alal misali, ranar 4 ga Oktoba, 2021, wani umarni da aka bayar yayin gyaran yau da kullum ya yanke hanyoyin da ke haɗa cibiyoyin Facebook, har dandalin ya ɗauke na kimanin awa 6.

Mai bincike yakan fara ne da gano abin da ya sauya. Manhajar RANCID kan kwafo saitin lokaci-lokaci, ta gwada shi da na baya, sai bambancin ya fito fili. Amma ba ta faɗin wanda ya yi. Wannan kuwa aikin tsarin TACACS+ ne, wanda ke rubuta kowane umarni da lokacinsa da sunan mai bayar da shi. Sai dai in ma'aikata goma na shiga da suna ɗaya, kamar yadda aka saba don gudun wahala, to, sawu ya ɓace ke nan. Haka kuma in agogunan na'urorin suka saɓa, ba a tantance umarnin da ya riga wani.